Gurbin da Ummulhairi ta bari

Shekara tara muna aiki tare da Ummulhairi a ɗakin shan magani na Janfalan, ita ce mai auna jarirai a sikeli. Mace ce mai taurin kai, in ta sa abu a gaba har haushi take ba ni. Da ta ce ta shiga kwas ɗin ƙididdiga na wata kwaleji ta intanet, dariya na yi mata. Kullum bayan azahar sai ta tafi gindin tsamiyar bayan asibiti, inda waya ke kama sabis, ta saurari wata Malama Hafiza da ba ta taɓa ganin fuskarta ba.

Akwai abin da ke cin ranta tun tana yarinya. Su shida ne a ɗakinsu, ita ce babba, amma mahaifiyarta Hajo gatsal take kiran sunanta. A nan kuwa uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari. Iyayenta daga Gazara suka dawo tana jaririya, don haka matan unguwa suka yanke hukunci cewa riƙonta ake yi, ba Hajo ce ta haife ta ba. Ba ta taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Aikin farko da aka ba su shi ne su tambayi iyaye mata talatin yawan 'ya'yansu, su fitar da matsakaici. Ummulhairi ta san gidajen nan kamar tafin hannunta, sai ta ja layi biyu a takarda: abin da uwa ta faɗa, da ainihin yawan 'ya'yanta masu rai. A yawancin gidajen sai ta ga ɗaya ya ɓace. Kunya ce. Uwa takan tsallake ɗan fari, ta ƙirga sauran. Malama Hafiza ta yaba mata, ta ce ta gano kuskuren da ke karkata gefe guda.

Gida na talatin ta bar wa Hajo. Ta yi mini lissafin.

"Mukarrama, in Inna ta ce biyar, ni ta tsallake, ni 'yarta ce. In ta ce huɗu, to maganar mutane gaskiya ce."

Na ce ta bar wannan shirme, amma na raka ta. Rana tsaka ce, kowa yana gona, unguwar tsit, ko kaza ba ta motsi. Muka tarar da Hajo tana kwashe tuwo. Bayan gaisuwa Ummulhairi ta ce aikin makaranta ne.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

"Shida," in ji Hajo, ba ta ko ɗago kai ba.

"Inna, har da ni?"

"Har da ke mana, Ummulhairi."

Na dubi Ummulhairi. Hajo ba ta cikin matan da suka yar da kunya. In ta ce shida, akwai wadda ta tsallake.

Ta ɗauki malmala ɗaya ta sa a wani tsohon kwano, ta rufe, ta kai bayan ƙofa ta ajiye. Kullum haka take yi, yaran gidan sun ɗauka sadaka ce. Sannan ta zauna ta yi magana, idonta na kan ƙofar. Ta ce a Gazara, tana da tsohon cikin Ummulhairi, ta aiki 'yarta ta fari ta kai wa babansu abinci gonar rake, da rana kamar haka. Shekararta shida. An ga shigarta cikin raken, ba a ga fitarta ba. Aka sare gonar kaf, aka duba rijiyoyi. Kwanon kaɗai aka samu a bakin kunyar gonar, a rufe, tuwon da ɗuminsa.

"Ta rasu ke nan, Inna?"

"Ban ga gawa ba."

"Yaya sunanta?"

Hajo ta dube ta kamar ta yi saɓo. "Ni zan faɗa?"

A hanya Ummulhairi ta yi ta kuka, ni ma na taya ta. Ta samu uwa, kuma ban taɓa ganin tsoro a fuskarta irin na ranar ba. Iska ta kaɗa raken da ke gefen hanya, muka ƙara sauri.

A gindin tsamiya ta rubuta shida a layin farko. Layi na biyu na masu rai ne. Na ce ta sa shida mu huta. Ta ce Malama Hafiza ta koya musu cewa abin da ba a sani ba, ba a mayar da shi sifili, gurbinsa ake bari. Haka ta tura aikin da gurbi a gida na talatin.

Ta ci kwas ɗin. Hajo ta rasu bara, ba ta faɗi sunan ba. Kwanon yana gidan Ummulhairi yanzu, kuma kullum da rana nakan ga ta sa malmala ɗaya ta rufe, ta bar ƙofar a buɗe.