Inda Ruwa Ke Fara Fushi

Jiya ina wanke faranti a bakin famfo, a gidanmu na Gwadangaji, sai na tsaya kallon ruwan. Daga tsakiyar farantin yana shimfiɗe luwai, kafin ya kai baki ya fara rawa ya wargaje. Nan take kakana ya faɗo mini a rai.

Masunci ne a Argungu. Ina 'yar shekara tara idanunsa suka mutu, babana ya yanke cewa za a raba shi da jirginsa kada wata rana kogi ya ci shi. Tsohon bai yi gardama ba, amma ya daina cin abincin kirki. Abu ɗaya ya roƙa, a ƙetara da shi sau ɗaya, da ni a ciki.

Ƙarshen damina ne, kogi ya cika. Babana na tuƙi, kakana ya kama hannuna ya manna a jikin jirgi ta gaba, cikin ruwa.

"Amaryata, mi kika ji?"

Na ce santsi. Ya ja hannun baya a hankali, sai na ji ruwan yana yi mini cakulkuli a tafi.

"Nan ruwa ka hwara hushi. Ga goshi shina bin katako da ladabi, in tahiya ta yi nisa shi gaji shi birkice. Kowane jirgi da wurin nashi."

Sai ya sake shafawa. Ya ce wa babana fushin ya matso gaba da taƙi guda, akwai abin da ya ɗago a ƙasa. Babana ya yi dariya, ni kuwa haushi ya kama ni. Da muka kai gaɓa aka kife jirgin, ga facin gwangwani ya ɓamɓare, ƙusa ɗaya ke riƙe da shi.

Babana ya daɗe a tsugune. Bai ƙara tayar da zancen raba kakana da jirgin ba. Damina biyu tsohon ya ƙara a kan ruwa, ni ce idonsa, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Yanzu jiragen inji sun yi yawa, masu su ba sa sa hannu a ruwa. Jiyan nan na rufe ido, na bi farantin da yatsa har na sami wurin. 'Yata ta ce, "Mama, kina ɓarnar ruwa." Na ce ta kawo hannunta.