Hanyar Auta zuwa gidan burodi

Ya ba wa arba'in baya, furfura ta fito masa a gemu, amma har yau Auta ake ce masa. An haife shi da larurar da likitoci ke kira Down. Idan aka jero masa saƙo uku, na ƙarshe kawai yake riƙewa. Abin da aka nuna masa da hannu kuwa ya zauna ke nan. Da haka ya koyi zuba burodi a leda, aikin da ya fi shekara ashirin yana yi, da haka kuma mahaifinsu, kafin ya rasu, ya koya masa hanyar gidan burodin: a wuce mai faci, a karya kwana a jan ƙyaure, kada a tsallaka titi sai motoci sun tsaya. Shi kaɗai yake zuwa, kuma duk baƙon da ya shigo gidan sai ya ji wannan labari daga bakinsa.

Yayarsa, wadda yake zaune a wurinta, ita ta fara lura. Sau biyu yana makara, mai gidan burodin ya yi masa tsiya wai ko budurwa ya samu a hanya. Auta ya yi dariya har da riƙe ciki, amma bai faɗi inda ya tsaya ba. Likita ya ce mata masu irin larurarsa mantuwa kan zo musu da wuri, ta sa ido ko ya fara sakin abin da ya daɗe da sani. Mijinta ya ce a dinga raka shi kawai a huta. Ita dai ta san raka Auta ƙwace masa abu ne.

Sai ta bi shi daga nesa, tana fatan an sake wa ƙyauren fenti ne, ko mai facin ya tashi. Ta tarar komai na nan yadda yake. A kwanar Auta ya ja ya tsaya, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya shafa aljihu kamar mai neman wani abu. Can ya waiwayo, idonsa ya faɗa a kanta.

"Yaya, ni ba yaro ba ne."

Ta ce ta sani, kasuwa za ta.

Ya sake duban jan ƙyauren, ya daɗe. Sannan ya matsa gefe.

"To tunda kin zo, shige gaba."