Takardar da ta ce Yanzun-nan ba ta da kuzari

A danginmu ana cewa wai kunkuru ya taɓa wuce Yanzun-nan a hanyar ofis, har ya dawo ya yi mata sannu. Ƙarya ne, ina wurin. Kunkurun bai dawo ba, sauri yake yi.

Yanzun-nan ɗiyar kawuna ce, taubashiyata. Shekara goma sha tara tana ɗakin ajiye katin marasa lafiya a wani asibiti, kuma komai ka ce ta miƙo, amsarta "yanzun nan". Sai sabon shugaba ya rubuta mata kalma ɗaya a takardar ƙarshen shekara, lethargic, wai marar kuzari. Kwamiti zai zauna ranar Laraba ya ga ko za a sallame ta.

Kwana uku tana rungume da ƙamus ɗin Kawu da gara ta ci, ko tsokanata ba ta kulawa. Ran Laraba na raka ta, na zauna a benci bakin ƙofa, ina leƙen ciki.

"Ranka ya daɗe," na ji ta ce, "na bi asalin kalmar nan. Daga Girkanci ta fito, rabinta mantuwa, rabinta zaman banza. Nawa kam ina da ita. Amma a nuna mini abu ɗaya da na taɓa mantawa."

Shugaban kwamiti ya ciro agogonsa ya ajiye a tebur, ya faɗi sunan wata mata da aka kwantar shekara goma sha ɗaya baya.

"Minti biyar. In babu katin, ki bar mana makulli."

Ta fito tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Na ce, "Don Allah ki ruga!" Ko kallona ba ta yi ba. Minti uku, shiru. Minti huɗu, gumin da na yi ya isa wanki.

Sai ga ta da kati biyu. "Matar ta sake suna bayan aure, ranka ya daɗe. Ga tsohon, ga sabon."

Shugaban kwamitin ya mayar da agogonsa, ya ja layi ya soke kalmar. Makulli ya zauna a jakarta.

A hanya na ce, "Da kin ƙara taku ɗaya a hankali, da gawata za ki tarar."

Ta ce, "Kai mai saurin, aiki nawa ka gudu ka bari bana? Ba uku ba? Riƙe mini jaka, ka ga ka samu na huɗu."