Ɗalhatu da Taron Fiddausi

Ɗalhatu maƙwabcina ne a Al-Sadd, injiniya a wani kamfanin gas, mutumin kirkin da kirkinsa ke ba ni haushi. A wurinsa babu wani abu wai shi ganin dama. Hausawan Doha muna da zauren WhatsApp, duk mai neman alfarma kuma yakan rufe da cewa, ga wanda ya ga dama. Mu sai mu ga dama mu yi gum. Shi kuwa kafin ka gama karantawa ya zari makullin mota. Tarbar baƙo a filin jirgi, kai saƙon kilishi unguwar Mu'aither, raka wani asibiti, duk shi ne. Na sha gaya masa ba dole ba ne, sai ya yi murmushi ya ce shi kunya yake ji.

'Yarsa Fiddausi tana da i'ina. Makarantarsu ta shirya taro, aka ba ta jawabi da Larabci. Kullum da yamma takan zaunar da shi a falo ta yi gwaji, domin in tana kallon fuskarsa harshenta ba ya sarƙewa. Makarantar ta ce zuwan iyaye ganin dama ne. Duk zamana da Ɗalhatu, nan ne kaɗai na ga ya yarda da wannan kalma. Ran taron wani ɗalibi da bai ma taɓa gani ba ya nemi a zauren mai taya shi kwashe kaya daga unguwar Fereej Abdel Aziz. Gogan naka ya tafi, wai zai dawo kan lokaci.

Ina wurin taron saboda ɗana ma ɗan makarantar ne. Yarinyar ta hau dandamali, ta dubi kujerar da ke kusa da mahaifiyarta, babu kowa. Ta fara, ta maƙale tun a jimlar farko. Haka ta tsaya har malamarsu ta zo ta riƙe hannunta suka sauka. Wallahi raina ya ɓaci kamar 'yata ce.

Ya iso ana tattara kujeru, rigarsa sharkaf da gumi. A wurin ajiye motoci na wanke shi tas. Sai ya durƙusa gaban Fiddausi, ya yi alkawarin taro na gaba shi zai riga kowa zuwa.

Ta gyara jakarta, ta ce masa, ba i'ina ko ɗaya, "Ba dole ba ne, Baba. In ka ga dama."