Matar da ke jijjiga a bayan jarumai

Shekara shida ke nan da aka kai yayata Laure makwancinta, a irin wannan lokaci na cirar gyaɗa. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita a ɗakinta a Gwangwan, kafin a gama shawarar kai ta asibitin Rogo rai ya yi halinsa. Ta bar jaririya, Ummi, ko yaye ba a yi ba. Ni ba marubuciya ba ce, daga sakandare na tsaya, kuma doguwar magana gundurata take yi. Amma bana wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, in ban amayar da shi ba, zai shaƙe ni.

A gidanmu a Unguwar Hajji, in kaka ta yi aka zube gyaɗa a tsakar gida, ni da Yaya mukan jingina waya a jikin turmi, hannu na ɓara ido na kallo. A wannan zaman muke yanke fim ɗin da ya fi kowane a shekarar. Ko bayan aurenta sai ta san yadda ta yi ganin gidanta ya faɗo daidai lokacin. Ba mu taɓa daidaitawa ba, don ni labari nake bi, ita kuwa ba ruwanta da labari. Mutanen baya take kallo: mai tallan da ta ratso ba ta san ana ɗauka ba, tsohon da ke korar akuya, ɗan acaɓan da ya ci birki ya saki baki. Akwai shekarar da ta ba wani fim marar kan gado na ɗaya, wai don wata mata a can gefe ta yi hamma ana tsakiyar kukan mutuwa. Na ce mata wannan ai hauka ne. Ta ce, "Zinatu, ke kina kallon masu ƙarya, ni ina kallon masu gaskiya. Na gaba biyansu aka yi. Na baya kuwa Allah ne ya kawo su."

Bayan sadakar uku Baba ya sa aka goge duk hotunanta daga wayoyin gidan, mijinta ma ya yi haka a can. Ban ga laifinsu ba. Haka aka karantar da su, cewa addu'a mamaci ke buƙata, hoto sai dai ya tsawaita kuka. Abin da ba wanda ya tuna shi ne jaririyar za ta girma. To ga shi ta girma, a hannunmu ni da Inna mahaifiyarmu, har ta shiga firamare, kuma ta iso shekarun tambaya. Takan tsaya gaban madubi ta ce, "Anti, hancina irin nata ne?" In ce eh. "To idona fa?" In ce ki tafi ki ba ni wuri. Yarinyar nan fuskar uwarta take nema, kuma kaf duniya ba mu da abin da za mu miƙa mata.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da finafinan yanzu. Na san za ta ji daɗin masu dogon zango, duk mako sabo, ba sai an jira shekara ba. Amma wallahi da ta yi tsaki har ta gaji. Kyamarorin yanzu gaba kawai suke fitarwa, duk wanda ke baya sai ya dusashe kamar an shafa wa madubi man shanu. An shafe mata mutanenta. Ni kuwa da nake yi mata dariya, tun da ta tafi idona ya koma can baya da kansa, ban roƙe shi ba. Bana na kalli da yawa. Akwai na wasu 'yan'uwa da rabon gona ya raba, ya sa ni ƙwalla. Akwai wani na Indiya da aka fassara, mai fassarar ya fi jarumin iya magana. Da a da ne cikinsu zan zaɓa.

Wanda na zaɓa ba shi da kyau, gara in faɗa tun yanzu. Labarin ya yi sanyi, sautin na shaƙewa. Amma akwai wurin da aka ɗauka a tashar Rogo da rana tsaka, jarumi da jaruma na cacar baki a jikin bas, kuma a nan ba a dusashe baya ba. Kusa da mai rake wata mata na tsaye da koren mayafi, ta ciji gefensa da haƙori. Haka Yaya ke yi in tana jiran mota, Inna ta yi faɗan har ta haƙura. Tsayinta ne, kafaɗar hagun nan da ta ɗan sauka ce. Matar na jijjiga jiki, hannunta ɗaya a baya tana bubbugawa a hankali, irin na mai lallashin goyo. Sai dai babu goyon. Bayanta wayam. Kafin a sauya hoto ta juyo ta dubi kyamarar, ba murmushi, ba mamaki, kamar mai duba ko wanda take jira ya iso.

Ni ban yarda da fatalwa ba. Wanda ya mutu ya mutu, yana can inda ba a dawowa, haka addininmu ya ce kuma haka na riƙe. Don haka na ce tsohuwar ɗauka ce aka ajiye sai yanzu aka sake ta, ai ana yi. Na je wurin Habu mai tura finafinai a kasuwar Karaye na tambaye shi yaushe aka ɗauki fim ɗin. Ya ce bara. Na ce ƙarya ne. Ya karɓi wayar ya nuna mini fitilar sola da ke tsaye a bayan matar, ya ce, "Wannan fa? Yaushe aka kafa ta? Ke dai Zinatu, jama'a na kallon jaruma ke kina kallon falwaya." Gaskiya ya faɗa. Lokacin da aka kafa fitilar nan ciyawa ta daɗe da rufe kabarin Yaya.

Na hau acaɓa har Rogo, na sami mai raken a inda yake a fim ɗin. Ya tuna ranar sarai, har ya ce sun tare masa ciniki. Matar ce bai tuna ba. Ya ce mata nawa ke tsayawa a nan kullum. Na tsaya daidai inda ta tsaya, rana na dukana, ina jin haushin kaina.

Da na nuna wa Inna, hannunta ya tsaya cak a cikin gyaɗa. Ta kalla har matar ta juyo. Sannan ta ce, "Kama da wane ba ta wane. Goge shi, kuma kada yarinyar nan ta gani." Tun daga ranar ba ta tambaye ni ko na goge ba, alhali Inna ba ta mantuwa da umarninta. Ni kuma na rasa tudun dafawa. In na ce wa Ummi ga uwarki, wataƙila na ɗauki matar mutane na ba ta, ta girma tana yi wa baƙuwa addu'a. In na goge, na mayar da ita gaban madubi hannu rabbana.

Ashe ba ni zan yanke ba. Makon jiya da hantsi muna ɓara, na tashi juya tuwon da ya kwana, na dawo na tarar da wayar a jikin turmi, Ummi a gabanta ta tanƙwashe ƙafa, fim ɗin na tafiya. Inna na zaune ba ta hana ba, sai ma ce mata ta yi, "Ke mummuna, matsa kin tare mini."

"Tsohuwa, ai ko na matsa ba gani kike ba," in ji Ummi.

Aka zo tasha. Jarumi na ta ɗaga murya, yarinyar ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kai yatsa can gefe ta ce, "Anti, waccan matar ina ɗanta?"

Na ce, "Ta bar shi wurin ƙanwarta."

"Ƙanwar tana ba shi abinci?"

"Tana ba shi."

Sai ta matsa daf da wayar, daidai lokacin da matar ke juyowa, ta ce mata da ƙarfi kamar mai magana ta kan katanga, "To ki daina jijjigar haka nan, ki huta. Ana kula da shi." Ta ɗebi gyaɗa ta fice wurin ƙawayenta. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka.

Ban ce mata uwarta ba ce, ba kuma zan ce ba, don ban sani ba, kuma ba zan rantse kan abin da ban sani ba. Amma na daina cewa Yaya ba ta bar komai ba. Ba wanda ya koya wa yarinyar nan kallon baya. Ni ban taɓa ba ta wannan labarin ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da ta sake tsayawa gaban madubi ta tambaye ni idonta, na ce mata na uwarki ne sak, kuma karon farko ban faɗa don ta ƙyale ni ba.

Wannan shi ne fim ɗina na bana, kuma na san da Yaya na nan da a karon farko mun daidaita. Yana nan a wayata, ban goge ba. Ban kuma sake buɗe shi ba tun ranar, don ina gudun in zo tasha in tarar matar ta ji maganar, ta sauke hannunta.

Allah ya ji ƙan Laure, ya haskaka kabarinta, ya raya abin da ta bari.