Motar da Ɗalhatu Ya Yi wa Fenti

Ranar Talata da hantsi, ina zaune a kujerar gadi a ƙofar benen da nake aiki a unguwar Bin Omran da ke Doha, wayata ta yi ƙara. Issifu ne, mutumin Zangon Kumasi da muke ɗaki ɗaya a Najma. Bai fara da tsokanar da ya saba ba. Ya ce abokinmu Ɗalhatu ya faɗi yana wanke mota a gidan aikinsa a Mu'aither, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na yi salati, na ajiye wayar. Abin da ya fara faɗo mini a rai, Allah Ya yafe mini, tsohon silifas ɗina ne da na bari a ƙofar ɗaki.

Ɗalhatu ɗan Malumfashi ne. Ya rasu yana da shekara arba'in da bakwai, ya bar matarsa Khadijat da 'ya'ya huɗu. Shekararsa tara a Doha, bakwai daga ciki gadonsa yana saman nawa. Mutum ne mai tambaya. Ba ya ganin abu ya wuce sai ya san me ke cikinsa. Fankar ɗakinmu sau uku yana kwance ta, ba don ta lalace ba.

Tun yana yaro haka yake. Da motar kara ya fara, ya koma ta gwangwani, mai dogon sitiyarin waya da ake turawa a tsaye. Ya sha gaya mana irin dukan da ya ci ranar da ya yanka sabon silifas ɗin babansa ya fitar da tayoyi huɗu. Yana ba da labarin yana dariya, yana cewa ai tayoyin sun yi kyau. Daga nan ya shiga gareji, daga gareji ya zama direba, tuƙin ne ya kawo shi Qatar.

Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, wani dattijo ne da ake kira Abu Jasim, Ɗalhatu kuwa Baba yake ce masa. A ɗakin baƙin dattijon akwai wata doguwar durowar gilashi cike da tsofaffin motocin wasan yara, na ƙarfe, irin waɗanda ake murɗa wa makulli su tafi. Wasu ma suna cikin kwalinsu, ba a taɓa buɗewa ba. Wannan abu ya tsaya wa Ɗalhatu a rai. Duk ranar da ya dawo sai ya tayar da maganar.

"Ghali," ya ce mini wata rana, "yaron da aka saya wa motar nan ta cikin kwali, me ya hana shi buɗewa? Ciwo ya yi?"

Na ce ban sani ba.

"To shi Baba, me ya hana shi? Gemu fari fat, ba mai dukansa."

A cikin motocin akwai wata jar bas da ta fi damunsa. Fentinta ya kankare, gefenta ya lotse, tayar baya ɗaya babu, makullin ya cije. Kullum ya shiga kai wa dattijon saƙo sai ya saci kallonta, kamar yadda ake kallon mara lafiyan da aka ƙi kai wa magani. Da Abu Jasim ya yi tafiyar mako guda, ya bar masa makullin durowar don ya riƙa share ƙura, Ɗalhatu ya naɗe bas ɗin a tawul ya kawo ta Najma.

Juma'a guda ya yi a kanta. Ya buga lotsewar ta miƙe, ya ɗiga wa makullin man keken ɗinki, ya yanko taya daga wani silifas da ya tsinta, ya samo jan fenti ya shafe ta tas. Da la'asar ya murɗa makullin ya ajiye ta a ƙasa. Ta bi tsakanin gadaje tana ƙara, ta shige ƙarƙashin na Issifu. Mu uku, magidanta masu 'ya'ya, muka durƙusa muna leƙenta.

Ranar da dattijon ya dawo, Ɗalhatu ya miƙa masa ita da hannu biyu, yana jiran yabo. Abu Jasim ya juya ta, ya sake juyawa. Ya shafa gefenta da yatsa.

"Ina lotsewar da ke nan?"

"Na miƙe ta, Baba."

"Wannan tayar fa?"

"Silifas ne. Ya fi ta asalin ƙarko."

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ajiye motar a kan tebur, ya ce, "Khalas. Je ka gida. Kada ka dawo sai na kira ka."

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da ke biyo bayan irin wannan magana daga bakin kafil. Yau a ce ka jira, gobe a miƙo maka tikitin jirgi. Ga shi babbar 'yarsa Na'ima ta shiga makarantar ungozoma a shekarar, karatunta a kan aikin nan ya rataya.

Kwana ɗaya, biyu, biyar, waya shiru. Issifu ya yi ta ƙoƙarin sa shi dariya. "Chale," ya ce, kamar yadda suke kiran aboki a Kumasi, "duk Doha kai kaɗai ne ka gyara abu aka kore ka." Ya kuma buɗe wayarsa ya nuna masa masu tara irin waɗannan tsofaffin motocin wasa a ƙasashe daban-daban, yadda suke rububin mai tsatsa da tsohon fenti, suna guje wa wadda aka taɓa. Ɗalhatu ya daɗe yana kallo. Tsoro yana nan, na gan shi a fuskarsa, abinci ma ya rage ci. Amma tambayar ta fi tsoron cin ransa.

"Na yarda na yi laifi," ya ce. "Abin da ban gane ba, me mutum yake so a jikin tsatsa?"

A kwana na shida ya sauka wurin mai shayin da ke ƙasan benenmu ya kwaso gwangwanayen madara. Ya warware wayar da muke rataye riguna. Ya ce ya ɓata wa mutum mota, ba shi da irinta da zai biya, amma yana da tasa. Babbar motar ɗaukar kaya ya ƙera, irin waɗanda ke wucewa ta Malumfashi da buhunan auduga yana yaro, da bodi, da tsani a gefe, da murfin kwalba a wurin fitilu. Issifu ya nuna masa dabarar Kumasi, yadda ake lanƙwasa siririn gwangwani a ƙarƙashi don mota ta riƙa rausaya in ta hau dutse. Sun yi gardama a kan wannan kamar za su ƙera jirgi. Kwana huɗu ta ci.

Ba a kira shi ba, ya tafi. Ya shiga bas zuwa Mu'aither da motar a cinya, dogon sitiyarin ya tokare rufi, fasinjoji suna kallonsa. Ya tarar da Abu Jasim shi kaɗai a ɗakin baƙi bayan la'asar. Ya gaishe shi, ya ajiye ta a ƙasa.

"Baba, ban zo roƙo ba. Na ɓata taka, ga tawa."

Dattijon ya dube ta ya daɗe. Sai ya miƙe, ya kama sitiyarin, ya murɗa kaɗan. Tayoyin gaba suka juya. Ya tura ta taku biyu, ya murɗa ɗaya gefen. Ya bi da ita har bango, ya yi kwana, ya dawo, farar rigarsa tana jan ƙasa.

Daga nan ya zauna ya yi maganar da bai taɓa yi wa Ɗalhatu ba. Ya ce suna yara a bakin teku, kafin benayen nan, su ma da gwangwanin man girki suke yin mota. Jar bas kuwa, babansa ya taɓa kawo masa irinta daga tafiya, ya buga ta da dokin ƙofa ta lotse, daga baya ta ɓace a ƙaura. Ya girma yana nemanta. Wadda ya samu ba tasa ba ce, amma ta lotse kusan a wuri ɗaya. Wani yaro a wata ƙasa ya yi irin ɓarnar da ya yi.

"Shi nake kallo in na dube ta," in ji dattijon. "Kai kuma ka goge shi."

"Ban sani ba, Baba."

"Na san ba ka sani ba." Ya sake kama sitiyarin. "Yalla, ɗauko makullin mota. Magariba ta kusa."

Haka ya koma aiki. Jar bas ta koma gilashi da sabon fentinta. Motar gwangwani kuwa ba ta taɓa shiga ba, don sitiyarin ya fi durowar tsawo. A bayan ƙofa take, kuma Ɗalhatu ya ce in baƙi sun watse yakan ji ƙarar tayoyinta a kan tayil.

Shekara ɗaya da rabi ke nan. Ran Litinin da safe, kwana ɗaya kafin rasuwarsa, ina ɗaura takalmin aiki shi kuma yana shan shayi a bakin gado, ya ce mini Baba ya yi karo da ƙafar tebur, gaban motar gwangwanin ya lotse, taya ɗaya ta tsage. Yana faɗa yana kallon silifas ɗina.

Na ce, "Kada ma ka fara. Da me zan shiga wanka?"

"Haba mutumina, wannan ai ya gama aikinsa a duniya."

"To lotsewar fa? Za ka buga ta?"

Ya girgiza kai. "Taya kawai zan sa. Lotsewar tasa ce, shi ya yi abarsa."

Na ce ya bari sai Juma'a in sayi sabo, sai ya ɗauki wannan.

"To, Juma'a," ya ce. "Amma ka riƙa takawa a hankali. Dunduniyar nake so."