Sai Bayan Tattasai

Duk sanda aka buɗe buhun busasshen tattasai kusa da ni, kafin atishawa ta zo sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Mutanen Diffa ba sa ma lura da wannan yajin, don a cikinsa aka haife mu. Ni kuwa ina jin sa, kuma kullum mace ɗaya yake tuna mini.

Asalinmu 'yan Damagaram ne, kasuwa ce ta kawo mu Diffa. Babana yana da shago inda yake sayar wa manoman bakin kogin Komadugu taki da kayan gyaran injin ban-ruwa. Mahaifiyata ta rasu ina goye, sai kakata ta wajen uba ta ɗauke ni. Tsohuwa ce mai kara har abin ya yi yawa, ban taɓa jin ta ce wa baƙo a'a ba. In maƙwabciya ta zo aron tukunyar da ba ta son bayarwa, sai ta ce, "To, bari ta huce." Kowa a unguwa ya san abin da take nufi, mai aro sai ta yi godiya ta nufi gidan gaba.

Ina 'yar shekara biyar wasu Nasara, miji da mata, suka zo aikin ban-ruwa a lambunan Shetimari. Muna ce musu Mushe da Madam, yadda ake kiran maigida da uwargida da Faransanci. Mushe ya saba da shagon babana, Madam kuma ta saba da tabarmar kakata, wai Hausa take koyo. Ta iya zama a ƙasa, ta iya shan fura da ludayi, amma gaisuwa kan ba ta wahala, tana kaiwa "ina gajiya" sai ta ɓace hanya. Ba su da ɗa. Ni kuwa da na gane aljihunta ba ya rabo da biskit, sai na mai da cinyarta wurin barcina.

Wata rana ta zo da Mushe, suka zauna gaban kakata da babana suka faɗi abin da ke ransu. Sun ce hanya biyu ce a gabansu. A ƙasarsu akwai ofishin da ke samo wa marasa haihuwa jarirai daga wata ƙasa mai nisa, sun daɗe a layi, kuma layin ya kusa zuwa kansu. Mushe ya fi son wannan, don a cewarsa yaron can ba shi da kowa, ba wanda za a raba shi da shi. Madam ta ce ita ba ta son yaron da za ta fara gani a hoto, tana son wadda ta riga ta san nauyinta a cinya.

Da farko kakata ta ɗauka riƙo suke nema, har ta yi murna, don ita ma gwaggonta ce ta riƙe ta. Sai da babana ya yi mata bayani ta fahimta: suna son a canza mini suna, in zama tasu ɗungurungum, in aikinsu ya ƙare su tafi da ni. Na ga ta gyara ɗankwalinta a hankali. Sannan ta dubi Madam da fara'a ta ce, "'Yata, bari a kwashe tattasai, mu ga abin da Allah zai yi."

Suna fita ta ce wa babana, "Ko bayan raina ban yarda ba." Babana ya ce ai sun ji amsa. Bai san ba su ji ba. Madam ta koma gida da alkawari a zuciyarta, ta sa Mushe ya janye sunansu daga layin can.

Kogi ya kawo, aka yi dashe, injuna suka yi ta kuka a bakin ruwa. Sanyi ya shigo, aka shanya tattasai a kan rairayi har ƙasa ta koma ja iya ganinka, motoci suka loda suka nufi Najeriya. Madam ta zo. Kakata ta dama mata fura ta ce bari yarinya ta fara lekol, wato makarantar boko. Da na fara, aka ce bari kawuna ya zo daga Damagaram. Kawu ya zo ya koma, aka sake komawa kan tattasai. A tsakanin nan ina wuni a gidan su Madam, ta ɗinka mini riguna, ta koya mini ƙirga da Faransanci, ta ɗaura mini lilo a bishiyar tsakar gida. Duk unguwa an san ba inda zan je. Mai gadinsu ya sani, mai dafa musu abinci ya sani, har ni da nake lilo na sani. Ba wanda ya gaya mata, don a wajenmu rashin kunya ne ka fassara wa baƙo maganar tsohuwa.

Da aikinsu ya zo ƙarewa, Madam ta zo da wata rigar sanyi mai kauri da ta saƙa daidai jikina. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Iya, ki gaya mini, e ko a'a?" Kakata ta sunkuyar da kai ta ce, "Yarinyar tana da dangi." Ta ba ta ƙullin tattasai da lalle. Madam ta karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya mata, ta ajiye rigar a kan tabarma ta fita.

Ina kwaleji Mushe ya dawo gajeriyar ziyara, shi kaɗai, kansa duk furfura. Ya zo gaida kakata. Ta jero masa gaisuwa yadda aka saba: ina gajiya, ina hanya, ina Madam, ina yara?

Ya ce, "Babu yara, Iya."

Ya yi bayani ba tare da fushi ba. Da suka koma gida suka nemi sake shiga layi, aka ce shekarunsu sun wuce iyakar da aka yanka. Ya sha furarsa, ya tambayi karatuna, ya tafi. Ranar kakata ba ta taɓa tuwo ba. Ta kira ni ta ce, "Ƙawata, ni na zaci raga mata nake. Da na ce a'a tun tattasan farko, da yanzu ɗanta ya kai tsawonki." Har ta koma ga Allah, in ta idar da salla tana sa Madam a addu'a.

Ban taɓa ganin laifin kakata da ta hana a tafi da ni ba, kuma ban yi da-na-sanin zama cikin dangina ba. Abin da ke damuna shi ne shekarun da muka cinye wa baiwar Allah da fara'a da fura. Akwai kuma wani yaro a ƙasar can mai nisa, wanda layi ya kusa kawo wa uwa. Ban san fuskarsa ba, amma ina jin nauyinsa.

Yanzu rikici ya canza kwarin kogin. Lambuna da yawa sun zama kufai, marayu sun cika sansanin 'yan gudun hijira na Sayam da bayan gari. Ni malamar makaranta ce, kuma an san ni da saurin cewa a'a, har matan unguwa na cewa ban gado kunyar kakata ba. Ba na musu. Rigar sanyin tana nan a ƙasan akwatina, 'ya'yana duk sun girma ta yi musu kaɗan, ban bar ko ɗayansu ya sa ta ba.